Kawo mutum biyar ka yi arziki: bari mu yi lissafin

 Darasinmu na yau a kan wani irin kasuwanci ne da ya shigo mana ta bakin samari da ta wayar salula. Kowa ya ɗauko allo da alli, don akwai lissafi a ciki.

Ga yadda abin yake. Wani kamfani yana da kaya, kamar maganin ƙarin ƙarfi, ko shayi, ko sabulu, ko agogo. Ba ya kasa kayan a kasuwa. Sai ya ce ka biya kuɗin shiga, ka sayi kayansa, ka zama wakilinsa. Daga nan ka nemo mutane su ma su biya. Kowane mutum ka kawo, za a ba ka kamasho. In su ma suka kawo wasu, za a ƙara maka wani abu. Mu kira shi kasuwancin kawo mutane.

Na taɓa zuwa taron irin waɗannan mutane a wani zaure a Maraɗi. Wani saurayi sanye da kwat ya nuna mana hoton mota da gidan bene. Ya ce talauci a cikin kai yake. Ya ce wanda ya riƙe abin da ya saba ba zai ci gaba ba, kuma tsoro ne ke hana baƙauye arziki. Aka yi ta tafi. Har aka tashi ban ji ya faɗi wanda zai sayi kayan ba.

Rabin maganarsa gaskiya ce, kuma shi ya sa take kama mutane. Barin abin da aka saba yana da wuya, amma sau da yawa yana da amfani. Ku kanku shaida ne. Magidanci mai furfura ya zauna kan tabarma yana koyon baƙi da wasali, yaran lakwal suna leƙe suna dariya. Yau shi ke karanta takardar likita da kansa.

Ku tuna da sassaben zamani. A da, manomin kirki shi ne wanda ya share gonarsa fes, bai bar ko tsiro ɗaya ba. Daga 1983 wani ɗan ƙasar Ostiraliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya fara ba manoma shawara su bar tohon kututture, su rage rassa, su bar masu ƙarfi su girma. Waɗanda suka fara an yi musu ba'a. Bayan yunwar 1984 abin ya bazu. Daga baya masu bincike suka ƙiyasta cewa itatuwa sun komo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar. Kalgo da sabara da gawo da kuke gani a gonaki, da yawansu ta haka suka tashi.

Haka ma asusun Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991. Mata suna zubi kowane mako, suna ba juna bashi, lokaci ya yi su raba. Matar da ba ta taɓa magana a gaban taro ba ta zama mai riƙe da akwati. Daga nan ne dabarar ta tafi ƙasashe masu yawa.

To, mene ne bambancin waɗannan da abin da saurayin nan ke talla? Mai sassabe yana iya gwadawa a kusurwar gona ɗaya. Mai asusu tana iya farawa da dala 20. Kowa yana ganin inda riba ke fitowa: daga itace, daga ƙuli-ƙuli, daga turkar rago. Ba sai wani ya yi asara kafin kai ka samu ba. A kasuwancin kawo mutane kuwa, mafi yawan kuɗin daga aljihun sabbin shiga yake fitowa. Ranar da sabbin shiga suka ƙare, kuɗi ya ƙare.

Yanzu ga lissafin. A ce kowa zai kawo mutum 5.

Hawa na 1: mutum 5.
Hawa na 2: mutum 25.
Hawa na 3: mutum 125.
Hawa na 4: mutum 625.
Hawa na 5: mutum 3,125.

Ku ci gaba da ninkawa sau 5. A hawa na 8 ana bukatar mutum 390,625. A ƙidayar 2012, mutanen birnin Maraɗi gaba ɗaya, har da jarirai, ba su kai 300,000 ba. A hawa na 11 ana bukatar sama da mutum miliyan 48. A wannan ƙidaya duk mutanen Nijar miliyan 17 ne da ɗoriya. Ko yau da muka ƙaru, ba mu kai ko kusa ba.

Ku ƙara duba wani abu, don nan ne zuciyar darasin. Mu tsaya a hawa na 4. Mu haɗa na farko da duk waɗanda ke ƙarƙashinsa: 1 da 5 da 25 da 125 da 625, ya zama 781. A cikinsu, 625 suna can ƙasa. Sun biya, ba su kawo kowa ba, ba su samu ko tamma ba. Wato a cikin kowane mutum 5, mutum 4 ke nan. Ku gwada da hawa na 6 ko na 9, za ku tarar haka ne. Ko yaushe abin ya tsaya, kusan huɗu cikin biyar suna ƙasa. Ba ragwanci ne ya kayar da su ba, ko da yake haka za a ce musu. Tsarin ne ba ya yiwuwa sai da su.

Wani zai ce ai akwai kaya, sai in sayar in mai da kuɗina. Wa zai saya? Kayan suna da tsada, domin a cikin kuɗinsu ne ake fitar da kamashon duk waɗanda ke sama da kai. Matar da ke sayen sabulu ɗaya ta yanka biyu ba za ta sayi naka ba. Kuma duk wanda ka kawo ya zama abokin takararka. Mutum 5 a ƙauye ɗaya suna tallan shayi iri ɗaya ga dangi ɗaya. Ƙarshenta kwalaye su cika ɗaki har kwanan watansu ya wuce.

Maƙwabtanmu na Najeriya sun ga irin wannan. A 2016 wani tsari mai suna MMM ya bazu a can, har Kano da Katsina. Wani ɗan Rasha, Sergei Mavrodi, shi ya ƙirƙiro shi, kuma ya riga ya rushe da kuɗin mutane a ƙasarsu tun 1994. Shi MMM ko kaya babu. An yi alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata, da ladan kawo mutum. Babban bankin Najeriya ya yi gargaɗi, ba a ji ba, domin na farko suna samu suna nuna wa kowa. A watan Disamba 2016 aka rufe fitar da kuɗi. A 2017 hukumar da ke kare ajiyar banki a Najeriya ta ce kimanin mutum miliyan 3 sun yi asarar naira biliyan 18.

Masu kaya na gaske ma ba su tsira daga zargi ba. A 2016 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta sa kamfanin Herbalife ya biya dalar Amurka miliyan 200, don a mayar wa wakilan da suka yi asara. Hukumar ta ce mafi yawan wakilansa ba su samu abin kirki ba. Ta kuma tilasta masa ya riƙa biyan lada a kan kayan da aka sayar wa masu saye na gaske.

A wurinmu asarar ba ta kuɗi ba ce kawai. Kuɗin shiga daga ina yake fitowa? Daga jinginar gona, ko sayar da sa, ko damman gero da aka ajiye don damina. Kuma wa za ka kawo? Ba baƙo ba. Ƙanenka ne, da surukinka, da abokin cin tuwonka, don su ne suka yarda da kai. Ranar da abin ya tsaya, mai kamfani yana nesa. Kai ne za su tsare a ƙofar maigari.

Idan wani ya zo muku da irin wannan, ba sai an yi faɗa ba. Wataƙila shi ma yaudararsa aka yi, yana neman mai da kuɗinsa ne. Ku ba shi tabarma da ruwa, ku tambaye shi: in ban kawo kowa ba, nawa zan samu? A watan jiya, mutum nawa waɗanda ba wakilai ba ne suka sayi kayanka? In kaya bai sayu ba, kamfani zai karɓa ya mayar mini da kuɗi? Ku ce ya rubuta amsar a takarda, ku kawo aji mu karanta tare. In ya ce sai yau-yau ko dama ta wuce, ku bar ta ta wuce.

Ga aikin mako mai zuwa. A ce kuɗin shiga jika 50 ne, kamashon kowane mutum jika 5. Mutum nawa za ka kawo kafin ka mai da kuɗinka? Su kuma waɗanda ka kawo, mutum nawa za su nema gaba ɗaya kafin su mai da nasu? Ku ƙirga magidantan garinku, ku gani ko za su isa.