Yadda Ake Tsara Matatar Gane Hoto: Daga Hasken Lesa Zuwa Kyamarar Waya

Duk lokacin da waya ta gane fuskar mai ita, akwai wata matata da ta yi aiki a ɓoye. Aikinta irin na rariya ne: ta bar siffar da ake nema ta wuce, ta tare sauran.

Dabarar ta girmi wayar hannu. A shekarar 1964, Anthony VanderLugt na Jami'ar Michigan da ke Amurka ya nuna yadda za a yi hakan da haske zalla. Ana adana tsarin hasken abin da ake nema, misali harafin A, a jikin fim ta hanyar amfani da lesa. Wannan fim shi ne matatar. Idan aka haska wani shafin rubutu, hasken ya bi ta gilashi mai tattara haske, ya ratsa matatar, ya sake bi ta gilashi na biyu, sai ɗigo mai haske ya bayyana a duk inda harafin A yake.

Sai dai matatar ta cika tsauri. Da zarar harafin ya karkace ko girmansa ya canza, sai ɗigon ya dushe. A 1980, Hester da Casasent suka kawo mafita: a haɗa hotunan abu ɗaya daga kusurwoyi daban-daban a cikin matata guda. Amma sassaucin ma yana da iyaka, domin idan ramukan rariya suka yi faɗi, har tsakuwa sai ta wuce.

Nan ne aikin mai tsarawa yake. Idan ya tsananta, waya za ta ƙi mai ita don kawai ya sa tabarau. Idan ya sassauta, za ta buɗe wa baƙo.

A wayoyin yau lissafi ne ya maye gurbin fim. Matatar ƙaramin jadawalin lambobi ce, sau da yawa 3 sau 3, da ake zagayawa da ita a kan hoto tana neman layi da gefe. Manhajar ce ke koyon lambobin daga tarin hotuna. Kamfanin Apple ya ce yiwuwar fuskar baƙo ta buɗe Face ID kusan 1 ne cikin 1,000,000, kuma tsarin yana auna zurfin fuska. Wasu wayoyin da suka dogara da kyamarar gaba kaɗai kuwa, ana iya yaudararsu da hoto. Mai irin wannan waya gara ya kulle manhajar bankinsa da lambar sirri ko zanen yatsa.