Idan an ɗora ki a kan kemo saboda sankarar mahaifa

'Yar'uwa, idan sankarar mahaifa ta yi nisa, likitoci sukan haɗa carboplatin da paclitaxel, a ba ki ta ƙarin ruwa duk bayan mako 3, galibi zagaye 6. Gashi zai zube cikin makonni 2 zuwa 3. Kada hankalinki ya tashi, yana dawowa bayan an gama.

Abin da nake so ki fi kiyayewa shi ne zazzaɓi. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kowane zagaye, fararen ƙwayoyin jini suna raguwa ƙwarai, jiki ba ya iya kare kansa. Ki ajiye ma'aunin zafi kusa da gado. Idan zafin jikinki ya kai digiri 38, ko sanyi ya kama ki kina karkarwa, ki tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Kada ki sha farasitamol ki jira gari ya waye.

Maganin tashin zuciya, ki sha kafin amai ya zo. Ki riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan: kunu mai ɗumi, ƙwai dafaffe sosai. Nonon da ba a tafasa ba, a haƙura da shi tukuna.

Idan yatsu suka fara mutuwa, maɓallin riga ya gagare ki, ki sanar da likita. Haka ma duk saiwa ko jiƙon da 'yan dubiya suka kawo, a tambaye shi kafin ki kai baki.