Aikin Tilas: Abin da Ke Hana Kaya Tsallake Kwastan

A zangon karatun da ya wuce, malaminmu na darasin cinikayya tsakanin ƙasashe ya jefo mana tambaya: me zai sa a hana kaya shiga wata ƙasa, alhali lafiyarsu ƙalau, an kuma biya kuɗin fito? Aji ya yi tsit. Ashe amsar tana ga wanda ya yi kayan da halin da ya yi su a ciki. Tunda tambayar na iya fitowa a jarrabawa, bari in kawo abin da na fahimta.

Da farko, mene ne aikin tilas? Yarjejeniya mai lamba 29 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka yi a 1930, ta ce shi ne duk aikin da aka sa mutum bisa barazanar hukunci, ba da son ransa ba. Ba sai an ga sarƙa ba fa. Riƙe fasfon ma'aikaci, danne albashinsa, ko ɗora masa bashin da ba zai iya biya ba, duk alamomi ne. Ƙiyasin ƙungiyar na 2021 ya nuna mutum miliyan 27.6 ne ke cikin wannan hali.

Tun 1930 sashe na 307 na dokar fito ta Amurka ya haramta shigo da irin waɗannan kaya. Sai dai dokar ta bar wata kafa: in abin da ake yi a cikin gida bai wadatar ba, ana iya shigo da su. Sai a 2016 aka toshe ta.

Misalin da ya fi zauna mini shi ne na Top Glove, babban kamfanin safar hannu ta roba a Malesiya. Baƙin ma'aikata, irin 'yan Nepal da Bangladesh, sun ci bashi sun biya dillalai kafin su samu aikin. A Yulin 2020, ana tsakiyar korona, duniya na neman safar hannu ruwa a jallo, kwastan na Amurka suka tsare kayan wasu rassan kamfanin. Ba a ɗage takunkumin ba sai Satumban 2021, bayan kamfanin ya biya ma'aikata sama da dala miliyan 30, ya kuma gyara masaukinsu.

Ga inda za a kula sosai. Da, hukuma ce ke neman hujja. Amma daga 21 ga Yunin 2022, Amurka na ɗaukar duk kayan da ke da alaƙa da yankin Xinjiang na ƙasar Sin a matsayin na aikin tilas, har sai mai shigo da su ya tabbatar da akasin haka. Sin dai ta musanta zargin. Kun ga ke nan nauyin hujja ya koma kan ɗan kasuwa.

To, ina ruwanmu? Tarayyar Turai ta amince da tata dokar a 2024, za ta fara aiki a Disamban 2027, kuma ta shafi kowane kaya daga kowace ƙasa. Riɗi, citta da zoɓon da muke fitarwa ba a cire su ba. Wanda zai fitar da kaya gobe, yana da kyau ya san gonar da suka fito, wa ya yi aikin, nawa aka biya shi, ya kuma adana takardu. Mu da za mu riƙe sito da ofishin sayayya bayan kammala difloma, wannan aikin a hannunmu zai faɗo.

Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa.