Darasin Kimiyya: Yadda Ake Tsai da Hasken Leza

Duk wanda ya duba dogo a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan zai ga an bar 'yar rata tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Ba kuskure ba ne. Ƙarfe mai tsawon mita 12, in zafi ya ƙaru da digiri 20, yakan miƙe da wajen milimita 3. To, irin wannan miƙewa ita ce abokiyar gabar masu awo da leza.

Leza wata irin fitila ce mai fid da haske launi ɗaya tak. Theodore Maiman ya fara yin ta a Amurka cikin 1960. Amma launin yakan ɗan kauce, kamar yadda tsirkiyar garaya kan saki in an daɗe ana kaɗawa. Ma'aunin da ke kaucewa kuwa bai zama ma'auni ba.

Ga maganin. Akan kafa madubi biyu suna fuskantar juna, da kogo tsakaninsu, dabarar da Fabry da Perot suka fitar a Faransa cikin 1899. Hasken da ya dace da tsawon kogon shi kaɗai ke samun shiga, saura sai ya komo. Da leza ta kauce, hasken da ya komo zai tona, nan da nan na'ura ta mai da ita daidai. Ana kiran wannan hanya da sunan Pound, Drever da Hall, an kuwa bayyana ta cikin 1983.

Sai dai fa in kogon da kansa ya miƙe kamar dogo, aiki ya ɓaci. Saboda haka akan yi shi da wani gilashi mai suna ULE, wanda zafi ba ya miƙar da shi sai kaɗan ƙwarai, sa'an nan a zuƙe iskar da ke kewaye da shi.

Saura girgiza, wadda ke hana ɗaukarsa a kai wani wuri. Cikin 2011 masana a Ingila suka yi ƙaramin kogo mai kama da ƙwayar sukari, santimita 5 kowane gefe, suka riƙe shi ta kusurwa huɗu, yadda matsi ba ya sake tsawonsa.

Ina amfaninsa? Cikin 2018 Amurka da Jamus suka harba taurarin ɗan Adam biyu, GRACE-FO, ɗaya na bin ɗaya da ratar wajen kilomita 220. Leza mai ƙaramin kogo ta auna yadda ratar ke sakewa. Da irin wannan awo ake gane inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ke raguwa, watau ruwan rijiyoyinmu ke nan.

Aiki a aji: malamin da aka tura Nok ko Kwoi ba ya bukatar leza. Ya ba yaro kwalba ya busa bakinta, a saurari muryar. Sa'an nan ya zuba ruwa kaɗan, a sake busawa. Ya tambayi yara, me ya sake, har murya ta sake?