Kafin Ka Shiga Dajin Amarawa da Keke

A Turai da Amurka mutane na sayen keke mai faɗin taya su bi siririyar hanya cikin kurmi don nishaɗi. A Amarawa ba mu da kurmi, sai burtali da hanyoyin gona masu ɓullewa wajen Kalmalo ko Ƙonni, kuma su ma da tasu wahalar.

Babbar matsala ƙaya ce. Tsidau da ƙayar aduwa ba sa barin tiyub lafiya, saboda haka kada ka fita sai da famfo, faci, solusho da tiyub na ajiya. In ka yi faci, shafa cikin tayar da yatsa a hankali kafin ka mayar. Sau da yawa ƙayar tana nan maƙale, kana bugawa ta sake hudawa.

A rairayi rage iska kaɗan, ja jikinka baya kan sirdi, ci gaba da taka feda, kada ka damƙe birkin gaba. Da hunturu goge ƙurar sarƙa kafin ka sa mai.

Fita da sassafe da isasshen ruwa, don zafin Afrilu a nan yakan haura digiri 40.

Iyaka ba ta da katanga a daji, kana iya shiga Nijar ba ka sani ba, don haka riƙe katin shaidarka. Batun tsaro kuwa ba na wasa ba ne a yankin nan. Tambayi mutanen ƙauye kafin ka yi nisa, ku tafi ku biyu, ka faɗa a gida hanyar da za ka bi, ka dawo kafin la'asar sakaliya.