Darasin Wannan Wata: Gaiwa da Ruwan Fadama

'Yan'uwa manoma, a karanta wannan darasi a taron ƙungiya, sa'an nan a tattauna tambayoyin da ke ƙarshe.

Duk wanda ya yi noman rani a fadamun Rima, daga Isa zuwa Sabon Birni, ya san gaiwa. Kifi ce, amma tana da huhu, tana shaƙar iska. In ruwa ya janye sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe jikinta da yauƙi, yauƙin ya bushe, ta bar 'yar ƙofar shan iska. Haka za ta kwana watanni ba ci ba sha, tana rayuwa da naman jikinta. Shi ya sa ake cewa gaiwa tana cin jikinta. Da damina ta faɗi sai ta fito, a yi sheƙa cikin ciyawar ruwa, namiji ya tsare ƙwai. 'Ya'yan sukan fito da 'yan gezoji a gefen kai, da su suke numfashi.

A ƙasar Meziko akwai wata halitta dangin kwaɗo, mai jela da ƙafa huɗu, sunanta aksolotil. Ita gezojinta ba su faɗuwa har ta tsufa. In ƙafarta ta gutsure sai wata ta tsiro, don haka masana aikin likita suke nazarinta. In ban da waɗanda ake kiwo, ba a samunta sai a magudanan ruwan Socimilko, a gefen birnin Meziko. A 1998 an ƙirga kamar 6,000 a kowane murabba'in kilomita. A 2014 ba su kai 40 ba.

Me ya kawo haka? Birni ya cinye tafkin, ƙazanta da maganin gona suka shiga ruwan da ya rage. Kuma aka zuba baƙin kifaye, har da karfasa irin tamu ta Afirka, suna cinye ƙwai da 'ya'ya. Manoman wurin, tare da masanan jami'a, suka shiga taimako: suna tare bakin magudanan gonakinsu da matata don kada karfasa ta shiga, suna noma ba tare da guba ba.

Gaiwarmu ba ta kai wannan hali ba. Ta tsira daga farin 1973 da na 1984. Amma fari dabam, guba dabam. Masu zuba maganin ƙwari a kududdufi don kama kifi, kamar yadda aka riƙa yi da Gamalin, suna kashe babba da ƙarami, har da talibambam wanda zai zama kwaɗo ya ci mana ƙwari. Wannan ruwa kuwa shi shanunmu suke sha, a ciki yaranmu suke wanka. A 2009 ƙasashen duniya suka amince a daina amfani da sinadarin Gamalin a gona.

A Farawa 2:15 an ba mutum aiki biyu: noman gona da kiyaye ta. A Kubawar Shari'a 22:6-7 an hana a kama uwar tsuntsu tare da 'ya'yanta. Ba a hana mu ci ba, an hana mu ƙare iri.

Abin da ƙungiya za ta yi:
1. Kada a wanke injin feshi ko kwalbar magani a gulbi ko kududdufi.
2. A keɓe kududdufi ɗaya inda ba a tonon gaiwa da rani.
3. Kada a kama ta a sheƙa a farkon damina.
4. A shawarci Sarkin Ruwa da mai gari, gama ruwa na kowa ne, Musulmi da Kirista.

Tambayoyi:
Wane irin kifi dattawanmu suka sani wanda ya yi wuya yau? Wane kududdufi za mu keɓe bana? Wa zai lura da shi?