Darasi na 18: Bashin Ƙasa da Noman Fadama

Manomi yakan ci bashi. In damina ta gabato ba shi da iri ko taki, sai ya je wurin mai hali ya ranto. In gona ta yi kyau, ya biya, ya ajiye saura a rumbu.

Ƙasa ma haka take. Gwamnati takan so ta gina hanya ko madatsar ruwa, amma kuɗin haraji bai isa ba. Sai ta nemi rance daga waje. Babban mai ba da irin wannan rance shi ne Bankin Duniya. Ƙasashe ne suka haɗu suka kafa shi a 1944. Babban ofishinsa yana Amurka.

A 1958 ya fara bai wa Nijeriya rance, dala miliyan 28, domin aikin jirgin ƙasa. Layin dogo ya kai Maiduguri a 1964. A wannan shekara kuma ya ba da dala miliyan 82 don madatsar ruwa ta Kainji. Aka gama ta a 1968, aka sami wutar lantarki. Amma ruwan ya ci ƙauyuka da yawa a ƙasar Yawuri da Borgu, aka tashi mutanensu.

To, mu dawo gida. A dā, masu noman rani a fadamar Gulbin Rima da jigo suke ban ruwa. Mutum ya wuni yana ja, abin da zai shayar kaɗan ne. A 1992 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 67 da rabi domin Shirin Fadama. Jihar Kabi tana cikin jihohin da aka fara da su. Aka haƙa ƙananan rijiyoyin burtsatse, aka kawo injunan ban ruwa. Zagaye na biyu ya fara a 2004. Manoma suka kafa ƙungiyoyi, suka zaɓi aikin da suke so, su ma suka sa nasu kuɗin.

Amma mu lura, rance ba kyauta ba ne. Gwamnati ce ta sa hannu, kuɗin jama'a ne zai biya. Wanda bai ga injin ba ma yana cikin masu biya, har da 'ya'yanmu.

Bashi yakan yi wa ƙasa nauyi. A 2005 wasu ƙasashe masu arziki suna bin Nijeriya wajen dala biliyan 30. Suka yafe biliyan 18, Nijeriya ta biya biliyan 12.

Saboda haka rance mai kyau shi ne wanda aikinsa zai kawo abin biyansa, har a sami riba. In an kawo aiki Ambursa, mu tambaya: nawa aka ranto, me za a yi da shi, yaushe za a biya? Mu kula da inji da rijiya. Kada mu dangwala yatsa a takardar da ba mu karanta ba.

Tambayoyi
1. Me ya sa gwamnati take neman rance?
2. Da me ake ban ruwa kafin zuwan inji?
3. Wa zai biya bashin ƙasa?

Ku rubuta: rance, haraji, jigo, fadama, riba.